Majinyacin Tafkin Rannu

Tun a zamanin da tsaunukan ƙasar Toraja ba su san sawun baƙo ba, can cikin tsibirin Sulawesi mai nisan gaske, an yi wani maharbi da ake kira Pong Rannu. Tsofaffin da suka riƙe labarinsa sun saɓa a kan shekarar, garin da suke ambata kuma kada ka wahalar da kanka nemansa a taswira, amma bakinsu ɗaya a kan abin da ya faru. A ƙasar, da zarar mutum ya haihu sai sunan ɗan farinsa ya rufe nasa. 'Yarsa ta fari Rannu ce, don haka shi ya zama Pong Rannu, wato uban Rannu, matarsa kuma Indo Rannu, wato uwar Rannu.

Da mashi da karnuka yake farauta, a cikin kurmin da rana ba ta taɓa ƙasansa. Idan ya dawo da aladen daji a kafaɗa, mata kan yi masa kirari: “Na Indo Rannu, mai kwana inda hazo ke kwana! Kare ya gaji, kai ba ka gaji ba. Dutse ya ce babu hanya, ka ce ya matsa.” Kirarin bai yi ƙarya ba. Mutum ne mai kyauta, mai son iyalinsa, amma in ya kafe a kan magana ko tsauni ya fi shi sauƙin juyawa.

Wata rana yana bin sawun wani ƙaton alade, sai naman ya kutsa cikin wata tsaga a jikin dutse inda kogi ke fitowa. Pong Rannu ya bi shi cikin ruwa har ƙirji. Da ya ɓulla ɗaya gefen sai ya manta da aladen. Wani kwari ne shimfiɗaɗɗe, kore shar, duwatsu sun kewaye shi tsaye kamar cikin turmi, kogi na ratsa tsakiyarsa. Ya koma ya kwaso iyalinsa da danginsa. Kowa ya yi murna cewa maƙiyi ba shi da ta inda zai shigo sai wannan tsaga ɗaya, ba wanda ya tsaya ya lura cewa na ciki ma ƙofar ke nan gare shi.

A nan ya gina gidan da suke kira tongkonan, wato gidan asali na zuriya. Ba a tona wa irin wannan gida tushe. Ana jera faffaɗan duwatsu ne a ɗora ginshiƙai a kansu, a sarƙe katako cikin katako ba tare da ƙusa ko ɗaya ba, ɗakuna su zauna can sama. Rufin na gora ne da aka tsaga aka jera bisa juna, gabansa da bayansa sun ɗaga sama kamar kwalekwale. Fuskar gidan arewa take kallo, inda suka ce kakanninsu suka fito, rumbun shinkafa kuma na tsaye a gabansa yana fuskantarsa. An sassaƙa bangon an shafe shi da baƙi da ja da fari da rawaya. A gabas da gidan ake binne cibiyar duk jaririn da aka haifa, shi ya sa ko mutum ya yi nisan duniya, in an tambaye shi asalinsa sunan gidan yake faɗa.

Suka yi shekaru cikin wadata. Rannu ta zama budurwa, mai kama da uwarta a fuska, mai kama da ubanta a taurin kai. Sai zazzaɓi ya kama Indo Rannu, numfashinta ya tsaya.

Mu a nan in rai ya yi halinsa, kafin rana ta faɗi an kai mutum makwancinsa. Su ba haka abin yake ba. Wanda numfashinsa ya tsaya ba a ce ya mutu, majinyaci ake kiransa. A shafe shi da magungunan itatuwa, a naɗe shi da zannuwa, a kwantar da shi a ɗakin kudu, a riƙa kai masa abinci ana yi masa hira. Ba ya zama mamaci sai ranar da aka yanka masa ɓaunar gida a filin ƙofar gidansa, domin a imaninsu ɓauna ce ke ɗaukar mutum zuwa Puya, ƙasar matattu. Kafin wannan rana ba a fitar da majinyaci daga gida, ba a kuma barinsa shi kaɗai. Rannu ce ta ɗora hannu a kan zanen uwarta ta ɗauki alkawarin jinya, cewa ba za ta wuce tsakar gidan ba sai an sallame ta.

Pong Rannu yana da ɓaunaye daidai gwargwado. Bayan girbi sai Ne Kadang, tsohon da ke riƙe da al'adun garin, ya hau tsanin gidan ya same shi.

“Pong Rannu, abin da ke hannunka ya isa. A sa rana.”

“Baƙaƙe ne duka, Ne Kadang. Matar da ta bi ni cikin ruwa har ƙirji da tukunya a kai ba za ta shiga Puya a kan baƙar ɓauna kamar kowa ba. Sai na samo mata mai roɗi, mai farin kai.”

“Mai roɗi ba a kowane gari ake haihuwarta ba.”

“To zan je garin da ake haihuwarta.”

Don so ya faɗi haka, ba wanda ya yi musu. Amma akwai girman kai a ciki, kuma ba shi ne ya zauna a ɗakin kudu ba. Girbi ya zo ya wuce, wani ya biyo baya. Shi yana yawon tsaunuka da fatu da busasshen nama yana cigiyar ɓauna mai roɗi, Rannu tana zaune. Sa'o'inta suka yi aure suka goya 'ya'ya. Ita kuwa duniyarta ta tsaya daga murhu zuwa ɗakin uwarta, sai 'yar tagar da take leƙen gonaki ta ciki. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, amma dariyarta ta ragu har aka daina jinta.

Daga ƙarshe ya samo ta. Ranar da ya jawo ta cikin tsagar dutsen, duk garin ya fito kallo: farin kai, baƙin jiki mai tabo-tabo, ƙahoni kamar an auna. Ya haɗa ta da sauran garken a makiyayar da ke bakin tsagar, inda ciyawa ta fi kyau, aka sa rana bayan girbi mai zuwa.

Damina ta sauka a shekarar da irin ƙarfin da tsofaffi ba su taɓa gani ba. Wata safiya mata na surfe sai aka ji ƙara kamar sama ta tsage. Rabin tsaunin da ke kan tsagar ne ya zabtaro. Da ƙura da laka suka lafa, babu makiyaya, babu garke, babu mai roɗi, babu kuma tsagar. Duwatsu masu girman rumbu sun toshe ta. Kogin ya zo ya tarar babu mafita, ya tsaya, ya fara komowa baya.

Maza suka yi ta haƙa har hannuwansu suka fashe, ba su gusar da komai ba. Ruwa ya ci gonakin ƙasa, ya ci na tsakiya, ya doshi gidaje a hankali ba gaggawa. Tsoro ya kama mutane ƙwarai, irin tsoron da ke hana yara kuka. Duk inda mutum ya juya dutse ne a tsaye.

Hanya ɗaya ta rage, ita ce bangon dutsen da suke sassaƙa kaburbura a jikinsa. Can akwai dogayen tsanukan gora da ake hawa da gawa. Pong Rannu ya sa aka ɗaure tsani a kan tsani, ya fara hawa da igiya a ƙugu har ya kai ƙoli. Mutane suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, suna wuce ƙofofin kaburburan iyayensu suna neman gafara, an goya tsofaffi, an ɗaure jarirai a ƙirji. Kwarin ya zama kango. Hayaƙi ɗaya kawai ya rage yana tashi, daga gidan Pong Rannu.

Ya sauko ya sami 'yarsa tana tuƙa shinkafa.

“Rannu, tashi mu tafi.”

“Ambe,” haka suke kiran uba, “wa zai zauna da Indo?”

“Ruwa ya kusa taɓa duwatsun ginshiƙai.”

“Na gani ta taga. Ka kawo ɓauna a sallame ta, in tashi in bi ka ko ina ne.”

Ya koma sama da karnukansa. A kurmin tsaunin akwai wata 'yar ɓaunar daji, gajera, mai saurin tsiya, wadda maharba ke shekara ba su gan ta ba. Pong Rannu ya kama ta da rai, ya ɗaure ya kawo gaban Ne Kadang. Tsohon ya dube ta ya girgiza kai.

“Wannan ba ta taɓa jin igiya a hancinta ba, ba ta san muryar mutum ba. Za ta yar da matarka a dajin da ke tsakanin nan da Puya, ta ɓace har abada. Kana so?”

Mutanen wani gari na bayan tsaunin, waɗanda suka sha cin namansa, suka ce ga ɓaunarsu ya ɗauka. Amma ta ina ɓauna za ta sauka bangon da mutum ma sai da rarrafe? Suna cikin shawarar igiyoyi sai wani ya leƙa ƙasa ya ce a bar wahala. Filin ƙofar gidan, inda dole a nan za a yi yankan, ya riga ya nutse.

Pong Rannu ya sake sauka, ya ɗaure gora ya yi ɗan gado, ya tura shi bisa ruwa ya isa gidan. A wannan karon ya zo da niyyar ɗaukar 'yarsa da ƙarfi, ita ma ta gane hakan tun daga yadda ya shigo.

“Ka fi ni ƙarfi, Ambe, za ka iya kai ni sama. Amma sai dai ka ɗaure ni har ƙarshen rayuwata, don ranar da ka kwance ni zan dawo. Na ɗora hannu a kan zanenta. Kai ka ce a jira, na jira.”

Ba ta ɗaga murya ba, amma maganar ta shige shi fiye da mashi. Ya wuce ɗakin kudu ya durƙusa gaban matarsa. Jarumin da ake yi wa kirari ya yi kuka kamar yaro. “Indo Rannu,” ya ce, “na tsare ki, na tsare 'yarki. Na nema miki abin hawa na sarauta, ga shi ko na talaka ban ba ki ba.” In ya fitar da matar, ya jefar da ita a hanyar da ba ta da ƙarshe. In ya bar ta, ruwa zai ci ta tare da Rannu. Ya fito ya zauna a bakin tsani, ruwa na lasar ƙafarsa, ya rasa inda zai sa kansa.

Yana nan zaune sai ya ga rumbun shinkafar da ke gaban gidan ya motsa. Ruwa ya ɗaga shi daga kan duwatsunsa, ya juya a hankali, ya tafi a tsaye da shinkafarsa a ciki, ko karkacewa bai yi ba. Pong Rannu ya bi shi da kallo har ya yi nisa, sannan ya miƙe.

Ya hau ya faɗa wa mutane abin da ya ƙudura. Majinyaciya ba za ta fita daga ɗakinta ba, mai jinya ba za ta rabu da ita ba, gidan ne gaba ɗaya zai tashi. Duk ido ya koma kan Ne Kadang.

“Ban taɓa jin an yi ba,” ya ce. “Ban kuma taɓa jin an hana ba. Ku yi sauri.”

Aka sare gorar tsaunin kaf aka riƙa jefowa ƙasa. Maza suka sauka suna iyo, suna ɗaure ta dami-dami da igiyar kurmi, suna cusawa ƙarƙashin daɓen gidan tsakanin ginshiƙai. Da ruwa ya ƙara hawa, gidan ya yi wani nishi, kusurwoyinsa suka rabu da duwatsunsu ɗaya bayan ɗaya. Mutanen da ke kan dutse suka ɗauki guɗa. Amma guɗar ba ta yi tsawo ba, don gidan ya ɗaga gefe ɗaya ya tsaya, ya fara karkata.

Pong Rannu kaɗai ya san dalili. Akwai ginshiƙin tsakiya, wanda suke ɗauka a matsayin cibiyar gida. Lokacin gini, saboda tsoron iskar kwarin, bai ɗora shi a kan dutse kamar sauran ba. Ya cusa shi cikin wata tsaga a falalen dutse, ya danne da itace mai tauri har ya zama kamar a nan ya tsiro. Yanzu shi ne ya riƙe gidan, ruwa na turowa daga ƙasa, ɗakin kudu na nutsewa. Ba dama a sare shi daga cikin gida, don a kansa babban katakon daɓe ya hau, in aka taɓa wurin gidan zai rabe biyu. Sai dai daga ƙasa, cikin ruwa, a ƙarƙashin damman gora.

Ya ɗauki gizagonsa ya nutse. Masu ba da labarin sun ce yakan daɗe a ƙasa har mai kallo ya gaji da riƙe nasa numfashin sau da yawa. Rannu ta jawo uwarta ta rungume a ƙirji, ruwa ya kai mata gwiwa, tana kallon ɓarɓashin itace na tasowa a bakin ƙofa. Ya fito ya shaƙi iska ya koma. Ya sake fitowa, hancinsa na jini. A fitowar ƙarshe ya kama bakin daɓen ya dube ta.

“Saura kaɗan. Rannu, ki ji ni. Kada ki jira mai roɗi. Duk wadda aka samu, ko gurguwa ce, ki sallami uwarki ki fita ki sha iska.”

“Ambe, ka huta tukuna.”

“Ruwan ba ya hutawa.”

Ya koma. Can sai aka ji ƙara daga ƙasa, gidan ya yi tsalle ya daidaita, ruwan da ke ɗakin kudu ya tsiyaye. Damman gorar da ke ƙarƙashi suka ruga suka haɗe wuri ɗaya, suka rufe inda ya shiga. Rannu ta yi ta kiransa. Maza suka faɗa ruwa suka lalube ko'ina. Pong Rannu bai fito ba.

Gidan ya tafi bisa ruwa, rufinsa na lilo, da majinyaciya da mai jinya a ciki. Iska ta kai shi wani faffaɗan tudu a gindin tsaunin arewa, mutane suka jefa igiyoyi suka jawo shi, suka juya fuskarsa arewa, suka jera masa sababbin duwatsu. Ba da daɗewa ba ruwan ya sami hanya ta saman duwatsun da suka zabtaro, ya daina hawa. Bai kuma sauka ba, kwarin ya zama tafki.

Rannu ba ta jira kowa ba. Mutanen bayan tsauni suka kawo wata baƙar ɓauna ramammiya mai guntun ƙaho ɗaya, aka saukar da ita da igiyoyi, Rannu ta ce ta yi. Aka yanka a sabon filin ƙofar gida, aka yi wa Indo Rannu kuka a karon farko, aka kai ta kabarinta a jikin dutse. A ranar ne Rannu ta taka ciyawa bayan shekaru, ta yi tafiya har bakin ruwa tana tangaɗi kamar mai koyon tafiya. Ta ji daɗin iskar, ta kuma ji kunyar jin daɗin, don ubanta na ƙarƙashin wannan ruwa.

Da ta dawo ta sami Ne Kadang.

“Ne Kadang, saura Ambe. Yaushe za a yanka masa?”

Tsohon ya sunkuyar da kai. A al'adar da ya gada, ba a yanka sai majinyaci na kwance a gidansa, an gan shi an naɗe shi.

“Sai an same shi, jikata.”

“In ba a same shi ba fa?”

“To bai mutu ba. Yana jinya.”

Rannu ta daɗe tana kallon tafkin. Tun ranar da numfashin uwarta ya tsaya take jiran wannan yini, ga shi ko faɗuwar ranarsa ba ta gani ba wata jinyar ta taso. Ba wanda ya tilasta mata, mutane ma cewa suka yi ta yi iyakar yinta. Ta shiga gida ta hura wuta, ta zuba shinkafa a akushi, ta fito da shi.

Ta yi aure daga baya, ta haihu, ta tsufa a wannan gida, amma ba ta taɓa kwana nesa da tafkin ba. Garin da ya taru a kan tudun shi ake kira Limbong Rannu, wato Tafkin Rannu. Masu labarin sun ce a garin ba a barin majinyaci ya wuce girbi ɗaya a ɗakin kudu, in ko akuya ta fi ƙarfin iyalinsa sai dangi su haɗa musu ɓauna. Sun ce tsohon gidan na nan, an sake masa rufi ba adadi, kuma in ka sunkuya ƙarƙashinsa za ka ga ginshiƙin tsakiya a rataye, guntu, da sawun gizago a bakinsa. Majinyaci ɗaya ne kawai dokar girbi ba ta hau kansa ba. Kowace safiya babbar 'yar gidan takan sauka bakin ruwa da akushi a hannu, ta durƙusa ta ajiye, ta ce, “Ambe, ga abinci. Yaya jikin?”